Gargaɗin da Ban Isar Ba

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Maigatari daga Gagarawa, in ka cire biki da ta'aziyya da asibiti, ranakun da na wuce bakin titi ba su da yawa. Ina son tsakar gidana, ina son mutane su zo su same ni a ciki mu yi ta hira har tuwo ya huce. Shi ya sa ranar da maigidan ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi inda yake sayar da igiya, ya ce wani kamfanin zoɓo na neman gida mai fili da mata za su riƙa tsinta, ban bari ya kai ƙarshe ba na ce a kawo.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Da safe mota ta sauke buhuna a ƙofar gida, mata su shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, kowa da faifanta. A cire tsakuwa, a cire kara, a cire gashin kaza da zare da guntun leda, a bar jan zoɓon zalla. Kafin yamma hannu ya rine, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi. Mu goma sha biyar ne, ni ce uwar aiki. Kowace mace da lambarta, ana rubuta ta a jikin buhun da ta tsince, ta yadda ko buhun ya tsallaka teku aka buɗe aka ga ƙusa, an san hannun da ya bar ta.

Mai kula da mu wata Baturiya ce, an ce daga Holan take, mu dai Madam muke ce mata. Sitonsu yana can wajen filin kamfanonin bakin iyaka. Ba ta da mugunta, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Tana cire takalmi in za ta hau tabarma, ta iya "sannunku da aiki", har takunkumi ta kawo mana saboda ƙurar zoɓo. Amma gaisuwarta ɗaya ce, magana ta biyu aiki ne, kuma in tana magana cikin ƙwayar idonka take kallo. Tafintanta akawun kamfanin ne, wani dattijo mutumin Sule Tankarkar, tsohon malamin firamare mai sanyin baki. Shi ba ya wuce zaure, sai ta gama zagayenta in fito in same su a can.

Aji uku na yi a boko, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ranar da ta ga kajina suna yawo cikin tabarmi, ta fito zaure ta yi wata magana gajeriya mai kaifi. Akawu ya gyara hula ya ce, "Hajiya, Madam ta yaba da tsabtar gida ƙwarai. Ta dai ce ko kajin nan za su ɗan matsa gefe." Na ce a raina, Malam, wannan muryar ba ta yabo ba ce. Kafin magariba na sa an yi akurki. Haka muka riƙa tafiya. Ta faɗa da zafi, ya fifita ya miƙo mini, ni kuma in ƙara fifitawa in miƙa wa mata. A lokacin ina ganin gwaninta muke yi.

Tun farko ta kafa doka, akawu ya karanta mana daga bakin zaure. Buhun da aka sami datti a ciki, mai lambar za ta karɓi takardar gargaɗi ta dangwala yatsa. Takarda uku, aiki ya ƙare. Muka ce to. Babu wadda ta ɗauki abin da nauyi, don mu a nan ba a korar mutum da takarda. In mutum ya gaza, babba ake samu ya yi masa magana, ko a yi ta rage masa aiki har ya gane da kansa ya ce zai ɗan huta, a ce Allah ya huta gajiya, kowa ya tashi da mutuncinsa.

A kaka ta biyu Yaya ta zo. Surukar 'yata ta fari ce, uwar mijinta, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram wanda bai kai tafiyar rabin yini daga iyaka ba. Ta girme ni sosai, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini uwar ɗiya. Damina ta yi musu gardama a shekarar, ɗan nata ya tafi arewa neman aiki, gida ya rage daga ita sai 'yata da yara. Ta sauka wurin wata 'yar'uwarta a bayan kasuwa, ta aiko a tambaye ni ko akwai gurbi. Na roƙi akawu, aka ba ta lamba goma sha ɗaya. Duk abin da ta samu gero take saya, ranar Alhamis ta ba 'yan ƙauyensu da suka zo cin kasuwa su kai gida. Wato tuwon da 'yata da jikokina ke ci, daga faifan nan yake fitowa.

Doguwar mace ce, ba ta da ɓoye-ɓoye. Ranar farko da na aika mata da abinci gindin bishiya, ta dawo da kwano ta ce, "Uwar ɗiya, miyarki ta yi daɗi, amma gishirin na tukunya biyu ne." Na yi dariya, amma sai da na yini ina juya maganar. Matan suna tsokanarta da 'yar Faransa, ita kuma ta ce mana 'yan Ingila masu zagaye-zagaye.

"Ku in za ku gaya wa mutum rigarsa ta yage, sai kun tambayi lafiyar kakarsa tukuna," in ji ta.

Wata 'yar unguwarmu mai baki ta ce, "To ku fa, Inna? Gaisuwarku ma kamar jandarma na tambayar takarda."

"Ai gara jandarma. In ya ce tsaya, ka san tsayawar yake nufi."

Yaya takan riga kowa zuwa. Rana na take tsaka za ta ajiye faifai ta ce midi ya yi, ko da tafi ɗaya ya rage mata, ta ci abinci ta kishingiɗa, sai an yi azahar ta koma. Takardunta na ƙasa suna cikin wata jakar fata a wuyanta, ba ta rabuwa da su. Takarda a wurinta ba abin wasa ba ce.

Ni na fara lura. Faifan ya riƙa matsowa kusa da fuskarta. Daga baya na ga ba kallo take yi ba, lalube take da yatsu. Tsakuwa tana jin ta, amma zare da leda da farin gashi suna wucewa. Wata rana ta zo zuba ruwa a kofi ta zuba a gefensa, ta yi sauri ta ja bakin zane ta rufe wurin. Na kawar da kai kamar ban gani ba.

Ba a yi mako biyu ba Madam ta zo da 'yar leda a hannu, cike da abin da aka tsamo daga buhu. Ta yi bayani a zaure tana nuna ledar. Akawu ya ce, "Hajiya, 'yar matsala ce ƙarama a lamba sha ɗaya. Madam ta ce ki zauna da mai lambar ku biyu, ki nuna mata wannan, ki tambaye ta ko akwai abin da ke damunta, sai ta ɗan taɓa takardar nan." Muryar Madam ba ta ce ƙarama ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya, sannan ta ɗaga uku tana kallona. Na gyaɗa kai.

Na shiga ɗaki da takardar na zauna a bakin gado. Baƙo zai ce mene ne abin wuya a nan. Matar nan ko sunanta ban taɓa kira ba. Ba na cin abinci a gabanta. 'Yata a hannunta take. Ta yaya zan zaunar da ita in kwance leda in ce, Yaya, ga dattin da kika bari, idonki ya fara mutuwa? Na gwada faɗa ni kaɗai a ɗakin, harshena ya ƙi.

Sai na yi yadda na ga uwata tana yi in 'ya'yan gida sun yi laifi. Washegari da kowa ta zauna, na tsaya a tsakiya na ce, "Jama'a, kamfani ya yi ƙorafi. Don Allah mu ƙara buɗe ido. Wadda ta san tana da gajiya ko wani ciwo, ba laifi ba ne ta faɗa."

Matan garinmu duk sun san inda maganar ta dosa, kowa ta sunkuyar da kai kan faifanta. Yaya kaɗai ta ɗago.

"Gaskiya ta faɗa muku," in ji ta. "Surutu ya yi muku yawa, ku yaran nan. Baki na aiki, hannu na barci."

Na ga wata ta ƙunshe dariya da mayafi. A wurin su Yaya, in da kai ake, kai za a kira. Tunda ban kira ta ba, ba da ita nake ba.

Da aka tashi na tsayar da ita na fito da takardar da tawada. Ta juya ta a hannu ta ce, "Mene ne a ciki?"

"Ta kamfani ce, Yaya. Ta a ƙara kula."

"Kowa ya sa hannu?"

"Za a bi kowa."

Ta goge yatsanta a zane ta miƙo mini. Ni na kama shi na dangwala mata. Har yau ina tuna ɗumin yatsan nan.

Daga ranar na ɗauki wani aiki a kan aikina. In na idar da asuba, kafin mata su zo, sai in kwance buhun Yaya in sake tsince shi, in ɗinke in mayar inda yake. Na yi wata biyu a haka. Da kaya suka yi yawa a tsakiyar rani na kasa cim masa, buhu ɗaya ya tsere mini, takarda ta biyu ta zo. Na kai wa maigidan kuka. Yana murza igiya ya ce, "Ke ba za ki iya ba, ni ma ba zan iya ba. Ki sami 'yar'uwar tata da ta sauka a wurinta." Na aika aka kira mini ita, tsohuwa ce da ta shekara talatin a Maigatari har ta zama tamu. Na yi mata bayani, ban ɓoye da yawa ba. Ta ce in bar mata.

Da safe Yaya ta shigo da fara'a ta dafa kafaɗata. "Uwar ɗiya, an ce kin ce in riƙa hutawa kar in kashe kaina. Allah ya yi miki albarka. Amma ni ƙarfina ƙalau, a ƙaro mini buhu ma." Takarda ta biyun ko tambaya ba ta yi ba, yatsa kawai ta miƙo. Da na mayar wa akawu ya dube ni, na dube shi, ya ce Allah ya rufa asiri. Ya juya ya gaya wa Madam an yi magana.

Sai ƙanwata ta rasu a Gagarawa. Kwana bakwai na yi ana zaman makoki. Wallahi ko a can, ina karɓar gaisuwa ina tuna buhunan da ke fita ba wanda ya bi bayansu. Na dawo da kwana biyu Madam ta zo. Wannan karon ba da akawu ba. Wata mata ce 'yar Damagaram da kamfani ya ɗauka tana duba kaya, wadda ta yi lakwal, bokon can, mai zurfi. Tunda mace ce, har tsakar gida suka shigo.

Madam ta so a koma gefe. Matar ta durƙusa gaban Yaya ta ce, "Inna, Madam na son magana da ke a ɗaki."

"A faɗa a nan, ɗiyata. Ba ni da abin ɓoyewa."

Matar ba ta fifita komai ba. Yadda Madam ta faɗa haka ta sauke. An sami guntun kwalba a buhu mai lamba goma sha ɗaya. Wannan shi ne gargaɗi na uku. Kamar yadda aka sanar da ita sau biyu a baya, aikinta ya ƙare daga yau.

Yaya ta ajiye faifai a hankali. "Sau biyu? Yaushe?"

Matar ta fito da takardun ta sa mata a hannu. "Ga su. Ga yatsanki, Inna."

Ta kawo su kusa da fuska, ta shafa wurin tawadar. Sannan ta juyo inda take jin numfashina. Ta tambayi matar, "Sauran ba su sa hannu ba?" Matar ta ce ita kaɗai ce.

Madam ta ga akwai abin da ba daidai ba, ta tambaya. Yaya ta ce, "Gaya mata idona ne. Tun bara nake gani kamar ta cikin hayaƙi. Na ɗauka hannuna na cike gurbin, tunda ba wanda ya ce mini kin bar wani abu."

Fuskar Madam ta yi ja har wuya. Ta yi magana mai tsawo, matar tana bi. Ta ce da an gaya mata tun takardar farko, da ta mayar da ita ɗinkin buhu, aikin da hannu ke yi, da ta aika ta Gumel a duba idon. Yanzu maganar kwalba ta wuce ta, ta kai ga manyanta da lamba da takardu uku, ba ta da ikon dawo da ita. Sannan ta juyo kaina ta yi tambaya da kalma ɗaya. Wannan ban jira fassara ba, dalili take nema.

Na ce, "Surukata ce."

Matar ta daɗe tana neman yadda za ta bayyana mata, tana nuna ni tana nuna Yaya. Madam ta saurara, ta girgiza kai, ta ce in dai tawa ce, ai ita ta fi cancanta in fara gaya wa. Ta ce za ta ɗauki nauyin ganin likita daga aljihunta. Yaya ta ce a yi mata godiya, amma a ƙasarsu ma akwai likita.

Da suka tafi mata suka tattara faifai ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ba wadda ta jira la'asar. Yaya ta shigo ɗakina, karo na farko tun zuwanta, ta zauna a ƙasa. Na durƙusa ina kuka na ce, "Yaya, kunya na ji."

"Na sani," in ji ta. Muryarta ba faɗa a ciki. "Ranar da kika tsaya kika yi jawabi, da ni kike?"

"Da ke nake."

"Duk sun sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Har ina taya ki yi musu faɗa." Ta ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba. "Wata huɗu ina zaune a tsakiyarsu. Kin ji kunyar gaya mini mu biyu a ɗakin nan, uwar ɗiya, yau ga shi baƙuwa ta gaya mini a gaban mata goma sha huɗu. Da kin ce, ke tsohuwa ba kya gani, da na ji haushi kwana ɗaya, da yanzu ina ɗinkin buhu."

Na gaya mata yadda nake tashi ina sake tsince mata buhu, ina zaton zai rage mini laifi. Sai ta rufe fuska da tafin hannu. Ashe wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ranar Alhamis ta bi motar 'yan kasuwa. Na haɗa mata gero da sabulu da daddawa. Ta ce, "Na karɓa don yara." Ni ba a karɓe aikin daga hannuna ba, amma tun daga nan 'yar Damagaram ɗin ke zuwa ba da gargaɗi. Matan sun ƙi jininta da farko, suna cewa ba ta da kara. Daga baya na lura in ta kira mace gefe sau ɗaya, ba kasafai ake kaiwa ga takarda ta biyu ba. Madam kuwa ta ci gaba da cire takalmi da gaishe ni, amma duk abin da na ce sai ta sake tambayar wani.

Bayan watanni 'yata ta haihu, na uku, na shirya na tsallaka iyaka don suna. Mijin bai dawo ba, saƙonsa ma sai jifa-jifa. Na shiga ɗakin mai jego na dube ta. Wuyanta ya yi tsawo, leɓenta ya bushe, kunun da ke gefenta ruwa ne tsululu. Na leƙa rumbu da zan zagaya, ƙasansa ake gani. Na ƙudura a raina zan roƙa a ba ni ita da yaran mu koma Maigatari har ta yi arba'in ta murmure.

Na sami Yaya a inuwar zana, idanun sun yi fari duka biyun. Ta gane ni daga sallama. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta tambayi maigida da mata da Madam. Da mutane suka ragu ta matso ta lalubo gwiwata.

"Uwar ɗiya, ni yanzu ba na gani, kuma yarinyar nan irinki ce, ko tana mutuwa lafiya za ta ce mini. Ke kin gan ta da idonki. Yaya kika same ta? Gaya mini yadda take."

Maganar tana bakina, na shirya ta tun a ɗaki. Na dubi zanen da ke jikinta ya koɗe, na dubi hannun da ke kan gwiwata. In na faɗa, na ce mata ke nan gidanta ya kasa ciyar da 'yata, ni da na san dalilin da ya sa geron ya yanke.

Na ce, "Lafiya lau take, Yaya. Jego ya karɓe ta."

Ta janye hannunta ta ce, "To, madalla." Ta kira wata maƙwabciya ta ce a nuna mini inda zan yi alwala.

Washegari na damƙa wa 'yata abin da na zo da shi a ɓoye, na hau mota ni kaɗai na dawo gida.